Ku Tambaya Mu Amsa: Dabbobin dawa masu gayyar soɗi a gaban kyamara

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya ne, wato dabbobin dawan nan da ke faɗowa cikin bidiyo ko hoton mutane ba wanda ya gayyace su, kafin kace kwabo sun zama sitika a WhatsApp ana ta tsokanar juna da su. Na haɗe masu kama da juna na kuma taƙaita wasu, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai wani jiƙon.

Malam don Allah bidiyon nan da ke yawo na ɗan jarida yana rahoto giwa tana cusa masa hanci a fuska, gaske ne ko haɗawa akayi? Mun yi musu da abokina har yace in gaske ne zai saya min tsire.
*Wani matashi daga Gusau*

Je ka karɓi tsirenka ɗan uwa, gaske ne. Sunan ɗan jaridan Alvin Kaunda, a lokacin yana aiki da gidan talabijin na gwamnatin Kenya wato KBC, kuma a watan Nuwamban 2022 aka ɗauki abun a gidan marayun giwaye na Sheldrick Wildlife Trust da ke Nairobi. In ka sake kallo a nutse zaka ga bawan Allahn nan yayi ƙoƙari fa, hancin ya taɓo shi ta gefe ya dake, ya lalubi kunnensa ya dake, ya lallaɓa ya hau tsakar kansa shi kuma yana ta zuba magana fuska a ɗaure, sai da hancin ya gangaro ya sauka kan nasa hancin da baki sannan dariya ta ƙwace masa.

'Yar giwar mace ce, Kindani suke kiranta a gidan, kuma ba tsokanarsa take ba, bincike take. Ita giwa da hanci take sanin duniya, da shi take shaƙa, take taɓawa, take ɗaukar abu, take zuƙo ruwa ta kai baki, babu ƙashi ko ɗaya a cikinsa tsoka ce zalla, ta Afirka kuma tana da wasu 'yan tsinaye guda biyu a ƙarshen hancin da take tsinkar abu da su. Ko a junansu in sun haɗu zaka ga ɗaya ta kai hancinta bakin 'yar uwarta, gaisuwarsu kenan. Rashin tsoron da ka gani kuwa saboda a hannun mutane ta tashi ne, masu kula da su ke basu madara a gora har kwana suke tare da ƙananan. Giwar daji kam ba zata tsaya shafa maka kunne ba.

Amma tambayi abokin naka me ɗan jaridan yake faɗa lokacin, inaga shiru zaka ji. Magana yake kan abinda ke maida 'ya'yan giwa marayu, a shekarar da fari ya yi wa Kenya mummunar ɓarna har gwamnati da bakinta ta ce giwa sama da 200 suka mutu tsakanin Fabrairu da Oktoba. Duniya ta kalli bidiyon ta sha dariya, rahoton kuma ya bi iska.

Ina yini. Ni tambayata ita ce wai dabbobin nan sun san ana ɗaukarsu ne? Don wasu har gyara tsayuwa suke suna kallon kyamara.
*Wata ɗaliba daga Maraɗi*

Lafiya lau ƙanwata. Basu san hoto ba sam, mu ne muke fassara tsayuwar tasu da irin tunaninmu. Abinda ke jawo su kusan abu uku ne, ƙara, ko wari, ko kuma wurin da aka kafa kyamarar ya yi musu daɗin zama.

Ɗauki kuregen da ake ganin shi ne uban tafiya a wannan harka. A 2009 wasu ma'aurata daga Amurka suka je yawon buɗe ido gandun dajin Banff da ke Kanada, a bakin tafkin Minnewanka suka ɗora kyamara kan dutse suka koma can baya suka zauna don su ɗauki kansu, to ƙarar da kyamarar ke yi ita ta ja hankalin wani kurege ya taho ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya dab da gilashin, hannuwa a ƙirji, ido ƙur. Ita kuma kyamara irin mai saita kanta ce, abinda yafi kusa shi take kamawa, sai ta fito da kuregen tangaran su kuma masu hoton suka koma dishi-dishi a baya suna dariya. Irin yaron nan na gidan biki da ake jera amarya da ƙawayenta sai ya sako kai ta gaba, shikenan hoton ya zama nasa. Matar ta tura wa mujallar National Geographic, daga nan mutane suka dinga yanko kuregen suna liƙa shi a hotunan shugabanni da na tarihi har da na saukar ɗan adam a duniyar wata, kai har shafi aka buɗe a intanet wanda zaka sa hotonka ya manna maka kuregen.

Na tsuntsaye kuma yawanci wurin sauka suke nema. Ranar 3 ga Janairun 2016 kyamarar da hukuma ta kafa don lura da motoci a babbar hanya mai lamba 40 a birnin Montreal ta kama wata farar mujiya mai ɗigo-ɗigon baƙi ta buɗe fukafukai ta nufo ta gadan-gadan, bayanta duk ƙanƙara fari fat. Irin wannan mujiyar daga can ƙuryar arewacin duniya take zuwa inda babu bishiyoyi sai fili fetal, shi yasa in ta gangaro kudu lokacin sanyi take son fili, ta samu abu mai tsawo kamar falwaya ta hau tana hangen ɓeraye. Ministan sufurin lardin Quebec da kansa ya sa hoton a shafinsa yana yabawa. Na ce oh, mujiyar da a wajenmu in ta yi kuka a kan gida sai a tashi da jifa da a'uziyya, can minista ke tallata ta.

Sai na wari. Akwai kyamarorin da masu kula da daji ke ɗaurewa a jikin bishiya, suna ɗauka da kansu in suka ji motsi da ɗumin jiki. A yankin Boulder na jihar Colorado a Amurka, a Nuwamban 2022, da ma'aikata suka duba ɗaya daga ciki sai suka tarar da hoto 580, kusan 400 daga ciki fuskar dabbar beyar ce guda ɗaya, ta gaba, ta gefe, harshe a waje, wani ma hanci kawai. Ita dai ta ga baƙon abu a jikin bishiya ne ta tsaya tana shinshinawa, duk juyin da tayi kyamara ta ƙyasta. Kuma gilashin irin waɗannan kyamarori mai faɗin gani ne, duk abinda ya matso sai ya kumbura masa hanci ya ƙanƙance masa sauran jiki, rabin abin dariyar daga nan yake.

Salam. Hoton gwaggon biri biyu da suka miƙe tsaye a bayan wani mai gadin daji yana selfi, ni dai ban yarda ba, mutane ne suka sa kaya ko?
*Wata uwa daga zangon Kumasi*

Hajiya ba kaya bane, lokacin da hoton ya fita a Afrilun 2019 sai da hukumar gandun dajin Virunga da ke gabashin Kwango ta fito ta tabbatar da shi saboda masu irin shakkunki sun yi yawa. Mai selfin sunansa Mathieu Shamavu, su kuma biyun mata ne, Ndakasi da Ndeze, dukansu marayu ne da aka raina a cibiyar Senkwekwe, tun suna jarirai mutane suke gani shi yasa suke kwaikwayon tsayuwarsu.

Ita Ndakasi a 2007 aka tsince ta tana wata biyu a duniya, ta ƙanƙame gawar uwarta da 'yan bindiga suka harbe. Wani ma'aikaci Andre Bauma shi ya rungume ta a ƙirjinsa daren farko don kar sanyi ya kashe ta, kuma bai rabu da ita ba har ranar 26 ga Satumban 2021 da ta mutu bayan doguwar jinya tana shekara 14, a jikinsa ta cika. Su kansu masu gadin dajin sama da 200 aka kashe a bakin aiki tsawon shekarun nan. Ni tunda na san wannan bana iya tura sitikarta a guruf, amma wannan ra'ayina ne ban ce haramun bane.

Ni mai ɗaukar hoto ne, biki da suna. Ance wai akwai birin da ya kai mai kyamara kotu. To in dabba ta shigo hotona ko ta danna da kanta, hoton na waye?
*Wani mai hoto daga Kano*

Maigida abu biyu ne ka haɗa. In kai ka danna, akuya ko shaho ya shigo, hoto naka ne ba wata magana. Rigimar tana inda dabbar ce ta danna.

A 2011 wani Baturen Ingila mai ɗaukar hoton namun daji David Slater ya fitar da wasu hotuna daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya, inda wani baƙin biri mai tukku ya danna kyamararsa ya ɗauki kansa haƙora a waje. Hoton ya zaga duniya, masu Wikipedia suka ɗora shi a rumbunsu kyauta, da Slater yace su cire suka ƙi, hujjarsu ita ce ba shi ya ɗauka ba, biri kuma baya mallakar komai, saboda haka hoton na kowa ne. Shi kuma yace ai ni na yi tattaki, na bi biran har suka saba da ni, na kafa kyamarar na saita ta, biri yatsa kawai ya sa. A 2014 ofishin rajistar haƙƙin mallaka na Amurka ya fayyace cewa baya yi wa aikin dabba rajista, har ya kawo misali da hoton da biri ya ɗauka.

Ana cikin haka a 2015 sai ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta shigar da ƙara a madadin birin, ta ce sunansa Naruto, a ba shi haƙƙinsa. Abin dariyar ma har musu aka yi kan ko Naruton ne a hoton, don Slater cewa yayi wadda ta ɗauka mace ce. A 2017 suka sasanta ya yarda zai dinga bada kashi 25 cikin ɗari na abinda hoton zai kawo nan gaba ga masu kare irin waɗannan birai, amma duk da haka kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a Afrilun 2018 cewa dabba bata da hurumin kai ƙara a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka. Shi dai mai kyamara ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa shari'ar ta talauta shi. Wannan fa dokar Amurka ce, in irinta ta same ka a Kano nemi lauya kar ka ce ni na gaya maka.

Jikokina sun nuna min zomaye da dare suna tsalle a kan abin wasan yara a bayan gidan wani Bature, na ce ikon Allah. Sai babban yace wai ƙarya ne. Ina gaskiyar take?
*Wani dattijo daga Azare*

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, jikanku ya fi gaskiya. Wancan bidiyon ya fito a TikTok a watan Yulin 2025 kuma ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi, wato AI ɗin nan da ake ta magana, babu zomo ko ɗaya da ya yi tsalle. Kar ku ji komai, miliyoyin mutane ne suka hau, har da yaran da ke ganin su ba'a yi musu wayo a waya. In kuka sa a rage masa gudu zaku ga ɗaya daga cikin zomayen yana cikin tsalle ya ɓace ɓat.

Dabarar da suka yi ita ce sun mai da shi kamar kyamarar tsaro ce ta ɗauka da dare, hoto dishi-dishi ba launi, to a irin wannan duk wani kuskure sai ya ɓuya, mu kuma mun saba cewa kyamarar tsaro bata ƙarya. Dama tun kafin AI ana yi, a Disamban 2012 an yi wani da mikiya ta sauko ta suri yaro a wani filin shaƙatawa a Montreal, duniya ta ɗauka, ashe ɗaliban wata makarantar koyon haɗa hoto mai motsi ne suka yi a matsayin aikin aji.

In an nuna muku wani Baba, ku ce a ƙirga dabbobin a farko a sake ƙirgawa a ƙarshe, a kalli ƙafafu da inuwa ko suna tafiya daidai, in akwai rubutu ko agogo a gefe a duba ko yana karantuwa. Wanda yafi duka sauƙi kuma ku tambaya a ina akayi, yaushe, wa ya ɗauka. Duk na gaskiyan da na kawo a sama kun ga kowanne da garinsa da shekararsa. Wanda aka ce muku kawai "a wata ƙasa" kuma gajere ne ƙwarai ya yanke ba gaba ba baya, to a ajiye shi gefe tukuna.

Wai mu me yasa dabbobinmu basa tashe a intanet sai na Turawa?
*Wani daga Zariya*

Haba malam, wa ya gaya maka. Namu ai sun fi ƙwarewa, basa ma buƙatar fitowa a kyamara. Ka manta Fabrairun 2018 da wata ma'aikaciyar ofishin JAMB na Makurdi ta ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36? Har shafi wani ya buɗe wa macijin a Twitter yana magana da yawunsa. Shekara na zagayowa a Yunin 2019 aka ce gwaggon biri ya lamushe kusan miliyan 7 na kuɗin shiga gidan zoo na Kano, aka yi ta zane da barkwanci, sai gwamnan lokacin Ganduje ya fito yace gidan ma babu gwaggon biri kwata-kwata.

In kuma na gaske kake nufi, ba dabbobin muka rasa ba, ga giwayen Yankari ga raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai, kyamarorin da ke kunne dare da rana a kan hanya da cikin daji ne bamu da su da yawa.

Yallaɓai ina TikTok, zamu Yankari da abokai bayan sallah. Ina so biri ya shigo bidiyona ya yi tashe, in na riƙe ayaba a bayana zai zo?
*Wani ɗan TikTok daga Jos*

Zai zo mana, shi ne ma matsalar. Biran da ke yawo a sansanin Wikki ba irin ɗan birin da ake ɗaurewa da igiya a kasuwa bane, bika ne manya, namijin yana da fiƙoƙi dogaye kuma sun riga sun gane cewa leda a hannun mutum abinci ce, ba roƙo suke ba fizga suke, wanda ka nuna wa ayaba ka ɓoye a baya kuwa ta inda ayabar take zai biyo, abokansa na biye. Kallon ido cikin ido a wajensu neman faɗa ne, kai kuma ga ka ka juya baya kana washe baki a waya baka ma ganin abinda ke tahowa. In tsautsayi ya sa ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ka nufi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare, kar ka tsaya shafa man zafi.

Wanda ya burge ni a wannan fanni wani ɗan jarida ne a Amurka Deion Broxton. A Maris ɗin 2020 yana tsaye zai yi rahoto a gandun dajin Yellowstone sai ya hango garken ɓaunan ƙasar sun nufo shi, a bidiyon ba'a ma ga dabbobin ba, idonsa kawai ake gani yana satar kallon gefe, yace shi ba ruwansa da su, ya tattara kyamara ya jefa a but ɗin mota. Wannan satar kallon ita ta zama abin barkwanci a duniya, hukumar dajin kuma ta yaba masa tace haka ake so. Dokarsu a can mita 23 tsakaninka da ɓauna, mita 91 tsakaninka da beyar ko kyarkeci, kuma sun ce ɓaunan nan da ake gani kamar shanu sun fi kowace dabba jikkata mutane a dajin. Kaga ya samu tashen da kake nema ba tare da an ɗinke shi ba.

Sannan ba kai kaɗai ke cikin haɗari ba. A 2022 wata ƙatuwar dabbar teku mai nauyin kilo wajen 600 da aka sa wa suna Freya ta shigo gaɓar birnin Oslo na ƙasar Norway tana hawa ƙananan jiragen ruwa tana shan hantsi har wasu su nutse, bidiyonta ya yi tashe, jama'a suka yi ta tururuwa da yara suna matsawa ɗaukar hoto, hukuma ta yi gargaɗi ta gaji, ranar 14 ga Agusta suka kashe ta suka ce gudun kar ta illata wani. Ita bata cuci kowa ba. Birin da aka koya wa karɓa a hannun mutane shi ma haka ƙarshensa yake zuwa, ranar da ya ciji ɗan wani shi za'a bi da sanda ko bindiga ba mai ayabar ba. Instagram ma tun Disamban 2017 suka fara fito da gargaɗi in mutum ya nemi hotunan selfi da wasu namun daji.

In tashen kake so ga yadda zakayi. Samu ƙafar waya ka kafa ta inda kake ganinta, ka tsaya nesa da su kayi maganarka, bika da gadu suna wucewa ta cikin sansanin da kansu musamman da safe, in rabonka ne ɗaya zai gifta ta baya ko ya tsaya yana kallonka, in bai zo ba ka ɗauke su daga nesa ka jawo da zum. Kar ka bar wayar ita kaɗai ka matsa, kar ka riƙe leda a hannu, in zaku shiga daji ku bi jagoran da aka baku kuma in yace kar a sauka a mota to kar a sauka. Kuma kafin ku gangara wanka ruwan ɗumin Wikki ku tabbata kun kulle ƙofa da taga, don suna shiga ɗaki.